Daga Mile 12 zuwa teburin kare kundi: jagorar binciken cinikin ƙasa da ƙasa ga ɗalibin tattalin arziki a Legas

Duk shekara idan lokacin zaɓen maudu'i ya yi, takardun da ɗaliban digiri na biyu a fannin tattalin arziki ke ajiyewa a teburin malamansu kusan kansu ɗaya ne: tasirin canjin kuɗi a kan bunƙasar arzikin Najeriya daga 1981 zuwa bara, ko tasirin jarin ƙasashen waje a kan abu kaza. Ɗalibi zai sauke alƙaluma daga kundin ƙididdigar Babban Banki, ya zuba su a manhajar EViews, ya danna hanyar lissafin dangantakar alƙaluma da ake kira ARDL, bayan mako biyu ya dawo da babi na huɗu. Na duba irin wannan aikin har na daina ƙirgawa, kuma abin da ya fi damuna shi ne idan mai kawo shi yaro ne da ya tashi a Agege ko Idi-Araba, wanda kawunsa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ko maƙwabcinsu ɗan canji ne a Broad Street. Irin wannan ɗalibin yana zaune a bakin rijiyar da masu bincike daga Ingila da Amurka ke kashe daloli kafin su leƙa, amma ya bar ta ya tafi neman ruwan da kowa ya riga ya sha. Wannan jagora domin shi aka yi ta, da kuma matashin malamin da aka danƙa wa ɗalibai a Jami'ar Legas da ke Akoka ko Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo bai daɗe da gama nasa karatun ba.

Matakin farko: ƙuntata tambaya

Maudu'i daban, tambaya daban. "Cinikin Najeriya da maƙwabtanta" maudu'i ne, ba za a iya amsa shi ba. Tambaya kuwa ita ce wadda za ka iya cewa ga amsarta da lamba: idan naira ta faɗi da kashi goma cikin ɗari, da kashi nawa farashin buhun shinkafar waje ke tashi a kasuwar Daleko, kuma cikin makonni nawa? Da wannan tambayar za mu yi misali har ƙarshe. Kafin ka kai wa malaminka, ka gwada ta da abu uku. Ka iya faɗin ta da Hausa ga ɗan kasuwa ya gane ba tare da ƙarin bayani ba. Ka san amsar da ka'ida ke tsammani, domin ka gane idan alƙaluma suka saɓa mata. Sannan ka iya nuna takamaiman wurin da za ka samo kowace lamba. Idan ta faɗi a na ukun, ka bar ta komai kyanta, domin shekara biyu ba ta da yawa, kuma wata shida cikinta za su tafi a kwasa-kwasai da jarrabawa.

Mataki na biyu: tarihin manufa kafin lissafi

A nan ne mafi yawan kundaye ke karyewa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jerin alƙaluman shekara-shekara daga 1981 zuwa 2023 layi 43 ne kacal, kuma ba ƙarƙashin tsari ɗaya aka yi waɗannan shekarun ba. A 1986 shirin gwamnati na gyaran tsarin tattalin arziki, SAP, ya saki naira ga kasuwa. A tsakiyar shekarun 1990, har zuwa 1998, an daskare canjin gwamnati a kusan naira 22 kan dala, alhali a hannun 'yan canji dala ta haura naira 80. A watan Yuni na 2015 Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ba za a ba masu shigo da su dala daga kasuwar hukuma ba, shinkafa tana ciki, daga baya jerin ya kai 43, ba a kuma janye shi ba sai a watan Oktoba na 2023. A watan Yuni na 2016 an saki naira daga 197 ta gangara zuwa wajen 280. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai a watan Disamba na 2020. A watan Yuni na 2023 kuma aka haɗe kasuwannin canji wuri guda, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur. Wanda ya jera duk waɗannan shekaru a layi ɗaya ya nemi lamba guda da za ta bayyana su, ya haɗa gero da dawa da tsakuwa a mudu ɗaya ya ce a faɗa masa farashin hatsi.

Saboda haka, kafin ka buɗe kowace manhaja, ka ɗauki takarda ka zana layin lokaci na kayan da kake bincike, ka rubuta duk ranar da doka ta canja a kansa. Wannan takardar za ta faɗa maka abu biyu. Za ta nuna maka zangon da ya kamata ka yanka, kuma za ta nuna maka wane canjin kuɗi ne ya shafi ɗan kasuwarka. Mai shigo da shinkafa daga 2015 zuwa 2023 bai samu dalar banki ba, don haka a lokacin farashin hukuma ba shi da ruwa da shi. A farkon 2017 hukuma tana cewa 305, 'yan canji suna sayarwa sama da 500. Ƙari a kan haka, tun da aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, wadda ke bayyana a kasuwannin Legas galibi ta bayan fage take biyowa daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin, kuma wanda ya saye ta a can da sefa ya biya. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya. Ke nan canjin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na naira da sefa a bakin Seme, ba na dala a Abuja ba. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya riga ya wuce rabin abokan karatunsa kafin ya lissafa komai.

Mataki na uku: alƙaluman da ke rubuce

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton cinikin waje duk wata uku, tana kuma fitar da farashin zaɓaɓɓun kayan abinci duk wata, jiha-jiha, inda ta raba shinkafar gida da ta waje. Babban Banki yana da canjin kuɗi na wata-wata. Ma'ajiyar Comtrade ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗauke da abin da kowace ƙasa ta bayar na shige da fice, bisa lambobin kaya na tsarin HS: shinkafa 1006, tumatir 0702, albasa da danginta 0703. Ka haddace lambar kayanka kamar lambar wayarka.

Dabara ɗaya da ya kamata kowane mai binciken cinikin Afirka ta Yamma ya iya ita ce duba alƙaluma ta madubi. Abin da Najeriya ta ce ta shigo da shi daga wata ƙasa, ka je ka duba abin da waccan ƙasar ta ce ta aiko. Game da shinkafa, ka duba abin da Tailan da Indiya suka ce sun sayar wa Jamhuriyar Benin, ka raba shi da yawan mutanen Benin; za ka ga adadin da ba cikin Benin aka ci shi ba. Wannan giɓin shi ne inuwar fasa-ƙwauri a cikin lissafin hukuma, kuma shi kaɗai ya isa babi guda. Ka kuma lura cewa a farkon 2025 NBS ta sauya shekarar tushe ta ma'aunin hauhawar farashi daga 2009 zuwa 2024, tare da sauya nauyin kayan da ke cikin kwandon. Idan za ka cire hauhawa daga farashinka, kada ka manna sabon jeri a gindin tsoho kai tsaye, sai ka ɗinke su a watan da suka haɗu, ka kuma bayyana yadda ka yi a babin hanyoyin bincike.

Mataki na huɗu: alƙaluman da ba a rubuce suke ba

Wannan ne rabonka, kuma ba a shigarsa da gaggawa. Kowace kasuwa tana da shugabanni, kowane sashe yana da ƙungiya, 'yan tumatir daban, 'yan albasa daban, 'yan tattasai daban. Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike idan jami'arku na da shi, amma ka sani takardar ba ita za ta buɗe maka baki ba, wanda ya raka ka shi zai buɗe. Ka nemi dattijon da aka sani ya kai ka gaban shugaba, ka gaisa yadda ya kamata, "Alhaji, barka da kasuwa, ya iyali," ka zauna idan an ce ka zauna, ka sha abin da aka ba ka. Ranar farko kada ka fito da biro. Tambayar da ke zuciyar kowa ita ce ko ma'aikatan haraji ko na kwastam ne suka turo ka, don haka ka faɗa tun farko cewa ba ka rubuta sunan kowa ko lambar rumfarsa, farashi kawai kake so, sannan ka cika wannan alkawarin har a cikin kwamfutarka, inda kowane mai ba ka bayani zai zama lamba. Batun hanyar da kaya suka bi suka shigo kuwa, kada ka tambaya. Madubin Comtrade ya riga ya ba ka wannan amsar ba tare da ka jefa kowa a cikin hatsari ba.

Sai awo. Wani ɗalibina ya taɓa kwashe wata huɗu yana rubuta farashin kwandon tumatir duk Talata, ya zo da zane mai kyau da ke nuna farashi ya faɗi warwas a wani mako. Da na tambaye shi abin da ya faru a makon, bai sani ba, sai da ya koma ya tambayi dillalin. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba araha aka yi ba, kwandon ne ya canja, waɗancan manya ne na Kano, waɗannan ƙanana ne." Wata huɗu suka tafi a banza, domin bai auna ko ɗaya ba. Tun daga nan sharaɗina na farko ga duk mai zuwa kasuwa shi ne ya sayi ƙaramin sikeli na rataye. Kwando ba awo ba ne, buhun albasa ma haka, har derika da robar fenti da masu sayar da ɗai-ɗai ke amfani da su a Legas sun danganta da yadda aka tsuke su da tozon da aka yi musu. Shinkafa ta fi sauƙi tun da an ce buhu kilo 50 ne, amma shi ma ka auna, domin ana sake ɗura buhu. Komai ka mayar da shi naira kan kilo.

Ka tsayar da rana ɗaya a mako da sa'a ɗaya. Farashin kayan gwari da asuba lokacin da ake sauke motoci ba shi ne na la'asar ba, lokacin da mai kaya ke neman rabuwa da abin da zai ruɓe. Ka tambayi mutum uku zuwa biyar a kan nau'i ɗaya, ka rubuta farashin da aka sayar, ba wanda aka fara yankawa ba, ka kuma san ko la'adar dillali da kuɗin dako suna ciki. Ka ƙara layi biyu a fom ɗinka waɗanda ba sa cikin littafin kowa: motoci nawa suka shigo yau, da kuɗin mota daga inda aka ɗauko kayan. Manhajar KoboToolbox kyauta ce, tana aiki a waya ba tare da intanet ba, amma ka riƙe littafin hannu a gefe domin abin da fom ba ya ɗauka, irin su "gada ta karye a hanya" ko "an yi kwana uku ana tare motoci".

Kada ka ɗauka wannan aikin ƙasa yake da na masu manyan lissafi. Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 ya bayyana yadda amana tsakanin maigida da dillali da fatake ke riƙe cinikin shanu da goro ba tare da banki ko kotu ba. Jenny Aker da abokan aikinta sun yi amfani da farashin gero da wake a kasuwannin iyakar Nijar da Najeriya, suka wallafa a 2014 cewa tsallake iyaka yana ƙara bambancin farashi, amma ƙarin yana raguwa inda al'umma ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Da farashin kasuwa suka yi wannan, irin wanda kai za ka iya tambaya da harshen da aka yi maka reno da shi.

Mataki na biyar: zaɓen hanyar lissafi

Tambaya ce ke zaɓen hanya. Ga tambayarmu ta shinkafa, abin da ake so shi ne dangantakar sauyin farashi da sauyin canji, dukkansu a ma'aunin logarizim domin amsa ta fito a kashi cikin ɗari, tare da canjin makonnin baya domin ɗan kasuwa ba ya ƙara kuɗi sai tsohon kaya ya ƙare, ko kuma sai ya ji farashin da zai sayo sabo. A ce ka samu 0.4, ma'anarsa faɗuwar naira da kashi goma tana ƙara farashi da kashi huɗu. Ka gwada faɗuwa daban, farfaɗowa daban, domin duk mai cefane a Legas yana zargin cewa farashi yana hawa da gudu ya sauko da rarrafe, kuma zargi ne da za a iya aunawa. Tun 1974 Granger da Newbold suka nuna cewa jeri biyu da ke hawa da lokaci za su nuna dangantaka mai ƙarfi ko da babu abin da ya haɗa su, shi ya sa ake fara gwajin Dickey da Fuller, wanda ke nuna ko jeri yana da matsaya ko kuwa yawo yake yi da lokaci. Hanyar ARDL ta Pesaran da Shin da Smith ta 2001 ba ta da laifi a kanta. Laifin shi ne a ɗora mata ma'aunai bakwai a kan layi arba'in.

Idan kuwa tasirin wata manufa kake nema, ka nemi gwajin da tarihi ya yi maka kyauta. Rufe iyaka na 2019 misali ne: ka kwatanta yadda farashin shinkafar waje ya sauya kafin da bayan Agusta da yadda na wani abincin da bai bi ta iyaka ba ya sauya a daidai lokacin, ka ɗebe wannan daga wancan. Sharaɗin shi ne ka nuna cewa kafin rufewar tafiyarsu ɗaya. Akwai tarko biyu. Na farko, dokar kullen korona ta fara a Legas a ƙarshen Maris na 2020, don haka ka tsaya a Fabrairu, in ba haka ba ba za ka iya raba tasirin iyaka da na annoba ba. Na biyu, idan shinkafa ta yi tsada mutane suna komawa garin rogo, shi ma ya tashi, sai lissafinka ya rage girman tasirin. Ka gwada da kaya fiye da ɗaya. Yajin aikin da masu safarar abinci da shanu daga Arewa suka yi a ƙarshen Fabrairun 2021, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, su ma gwaje-gwaje ne irin wannan.

Wani kuskuren da littattafan da aka rubuta a Turai ba za su gargaɗe ka a kansa ba shi ne na kalanda. Ɗalibai suna sa ma'aunin watannin Bature domin cire tasirin yanayi, wanda ya dace da tumatir, tun da kakar noman rani da ƙarancin damina suna bin rana. Amma azumi da Babbar Salla suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara. Wanda ke bin farashin rago ko na sukari da gero dole ya gina ma'auni na daban bisa kalandar Hijira.

Mai sha'awar cinikin ƙasashe da yawa, misali tasirin harajin bai ɗaya na ECOWAS mai matakai biyar daga sifili zuwa kashi 35, ko yarjejeniyar cinikin Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, hanyarsa ita ce tsarin jan juna da Tinbergen ya fara amfani da shi a 1962, inda ciniki ke ƙaruwa da girman arzikin ƙasashen biyu, yana raguwa da nisa. Cibiyar CEPII ta Faransa tana ba da alƙaluman nisa da iyaka da harshe kyauta. Ya yi amfani da hanyar lissafi ta PPML ta Santos Silva da Tenreyro ta 2006, wadda ke karɓar sifili, domin tsakanin ƙasashen Afirka sifili ya yi yawa a teburin, kuma logarizim yana zubar da sifili.

Mataki na shida: rubutu, aji da kariya

Ka yi lissafinka da rubutaccen umarni a manhajar Stata ko R, ba da danne-danne ba, domin ranar da mai jarrabawa daga waje ya ce ka cire shekara kaza ka sake, ka iya yi cikin minti biyar. R kyauta ce. Ka ajiye kwafin alƙalumanka a wuri biyu ban da kwamfutarka. Wuta da ɓarayin motar haya ba sa tambayar babi na nawa kake. Babin bitar ayyukan baya kada ya zama jerin "wane ya ce, wance ta ce", ka tsara shi bisa inda masu binciken suka saɓa da dalilin saɓanin. A babin sakamako ka fara da zanen farashi da canji a kan layin lokacin nan da ka zana tun farko, kafin kowane tebur.

Ga malami kuwa, alƙaluman ɗalibinka kayan aji ne. Ricardo ya yi bayanin fifikon kwatance, wato kowace ƙasa ta riƙi sana'ar da ta fi mata sauƙi ta sayi sauran kaya daga waje, a 1817 da tufafin Ingila da giyar Fotugal, ɗan aji biyu a Ojo zai fi saurin kama shi da goron kurmi da shanun Arewa, sannan a kai shi ga dalilin da ya sa aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS a nan Legas a 1975 amma har yau mota na kwana a Seme. Wajen neman tallafi, asusun TETFund na taimaka wa malaman jami'o'in gwamnati, cibiyar AERC da ke Nairobi tana tallafa wa binciken tattalin arzikin Afirka, taron shekara na Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya kuma wuri ne na gwada takarda kafin aika ta mujalla. Mujallar da ta yi alkawarin wallafawa cikin mako biyu idan ka biya kuɗi, ka ƙyale ta.

A zauren kariya ka shirya wa tambayoyi uku da kusan ba sa wucewa: me ya sa wannan canjin kuɗin ba na hukuma ba, yaya ka zaɓi mutanen da ka tambaya, kuma me zai hana a ce wani abu ne daban, kamar kuɗin dizal, ya ɗaga farashin. Amsar ta farko tana kan layin lokacinka, ta biyu tana cikin littafin hannunka, ta uku kuma tana cikin layin kuɗin mota da ka ƙara a fom. Bayan an sa hannu, ka taƙaita sakamakon a shafi biyu da Hausa, da zane ɗaya, ka kai wa shugaban sashen da ya karɓe ka da dattijon da ya raka ka, ka kuma nemi izininsu a kan ɗalibin da zai ci gaba da ɗaukar farashin daga Talatar da ka tsaya.